Kurakuran masu kwaikwayon hotunan Bernard Plossu

Na gaji. Duk yaron da na nuna wa hotunan Bernard Plossu, kafin mako ya zagayo sai ya dawo mini da tarin hotuna masu dishi-dishi, yana murna wai ya kama salon. Gara in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya zo in miƙa masa.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar dishi-dishin a matsayin gwanintar. Gaskiya ne wannan Bafaranshe, wanda aka haifa a Dalat ta ƙasar Biyetnam a 1945, ya yi suna da hotunan da ba su fita tar ba. Amma ku duba daga ina hazon ya zo. Mutumin matafiyi ne, yana ɗauka ta tagar jirgin ƙasa, ta gilashin mota, da almuru, cikin ruwan sama. Tafiyar ce ke motsa hoton. Kuma a mafi yawansu akwai abin da ido zai kama ya tsaya: turken waya, bakin hanya, kafaɗar mai wucewa. Ku kuwa kuna tsaye cak a tsakar gida da rana tsaka, kuna karkaɗa hannu da gangan.

Ni ma na yi, kuma na ɗanɗana kuɗata. Shekarar da na fara ganin aikinsa aka ba ni ɗaukar kamu. Na kashe filasha, na rage gudun ɗauka zuwa 1/8 na daƙiƙa, wato idon kyamara ya daɗe a buɗe, ina ganin zan kawo abin da ba a saba gani ba. Da na kai hotunan, uwar amarya ta zauna a kan tabarma tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Leshi ya zama hayaƙi, lallen hannu ya narke. Ta kai na ƙarshe, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ina fuskar 'yata?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Na mayar da kuɗin, amma ba a sake kamu. Har yau in na gan ta a unguwa sai na sunkuyar da kai.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. In kyamara na hannuna ba na sauka ƙasa da 1/60 sai da dalili, kuma kafin in danna sai na tambayi kaina: me ke motsi, ni ko abin da nake ɗauka? In babu mai motsi, dole hoton ya fita tar. Ina manna gwiwar hannu a haƙarƙari, in riƙe numfashi. A aikin mutane kuwa, sai na tabbata na samu fuskoki tukuna, sannan in gwada abin da raina ke so.

Na biyu shi ne kwaɗayin kaya, kuma wannan ya fi ba ni haushi domin kuɗi yake ci. Kowa na son dogon gilashin kyamara mai zuƙowa. Ni babur ɗina na sayar na sayi nawa. Me ya biyo baya? Sai in laɓe a bakin kasuwa in zuƙo mai tallan fura daga nesa, ba sallama ba gaisuwa. Wata shida ina haka, ban samu hoto ɗaya da zan iya kallo sau biyu ba, duk kamar na sata. Plossu ya shafe shekaru da dama da kyamarar Nikkormat da gilashi mai milimita 50, wanda ke ganin abu kusan yadda ido ke gani. Yakan ma ɗauka da 'yar kyamarar Agfamatic ta roba mai arha. Yana ɗan shekara 13 ya fara, a 1958, lokacin da mahaifinsa ya tafi da shi Sahara, da kyamarar Kodak Brownie a hannu. Da ya je Nijar a 1975 ya ɗauki Fulani Bororo, ƙafa ce ta kai shi kusa da su. A 1988 Faransa ta ba shi babbar lambar yabonta ta ƙasa a fagen hoto. To kai wane ne da za ka ce sai ka sayi gilashi uku kafin ka fara? Kunya ce ke hana ku matsawa kusa da mutane, kuke ɗora laifin a kan kaya. Abin da nake sa yarana: gilashi ɗaya, shekara guda. Mai waya kuma kada ya ja allo da yatsa. Ka taka, ka yi sallama, ka tambayi izini.

Sauran ƙanana ne. Kada ku cika launi har ya yi ƙyalli. Hotunansa masu launi ana wanke su ne da hanyar Fresson, a wani ɗakin aikin iyali kusa da Paris, shi ya sa suke fitowa a dushe da ɗan tsakuwa-tsakuwa, kuma babu maɓallin waya da zai ba ku wannan. Ku daina wanke kowane hoto ya kai faɗin ƙofa, shi ƙanana yake so, waɗanda sai ka matso ka gani. Mayar da hoto baƙi da fari ba ya gyara wanda ya lalace tun wajen ɗauka.

Sai kuma masu ajiye kyamara in hunturu ya shigo, wai ƙura ta ɓata haske. Ni a lokacin nake fita da sassafe, in sa kyamarar cikin riga don kada ƙura ta shiga gilashi, in tsaya inda masu keke ke fitowa daga hazo ɗaya bayan ɗaya da rawani a baki.