Yadda Ake Sauraron Kundin Tsofaffin Waƙoƙin Jaz

Wanda ya fara sauraron kundin da mawaƙin jaz, wani salon kiɗa na Amurka, ya tara tsofaffin waƙoƙin Amurka a cikinsa yakan yi mamakin ganin cewa babu waƙa ko ɗaya da mawaƙin ya tsara da kansa. Yawancinsu an rubuta su ne tun daga shekarun 1920 zuwa na 1950 domin wasannin dandamali na Broadway a birnin New York da finafinan Hollywood, daga baya makaɗan jaz suka ɗauke su suka yi ta maimaitawa har suka zama kayan kowa. Abin da mai sauraro zai sa wa kunne, ke nan, shi ne yadda mawaƙi ya sarrafa waƙar da jama'a suka riga suka haddace.

A ganina babu inda ya fi dacewa a fara kamar jerin kundaye takwas da mawaƙiyar jaz Ella Fitzgerald ta yi tsakanin 1956 da 1964 a kamfanin buga faifai na Verve na Norman Granz, inda ta keɓe kowane kundi ga marubucin waƙa guda ko abokan aiki biyu. Na farkonsu, na waƙoƙin Cole Porter, yana ɗauke da waƙoƙi 32, kuma shi ya kamata sabon shiga ya ɗauka, domin tana furta kowace kalma fes, ba ta kuma yin nisa da asalin karin waƙar.

Kafin ka kunna, ka karanta bayanin kundin, ka san wanda ya tsara kiɗan, domin shi ne yake yanke inda ƙahoni za su shigo da inda za su ja baya su bar murya. Buddy Bregman ne ya tsara kiɗan kundin Porter, shi kuwa Nelson Riddle ya tsara na George da Ira Gershwin a 1959, mai waƙoƙi 59.

Babban aikin yana wajen gane ginin waƙar. Da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi suna da gaɓa 32, kowace gaɓa bugu huɗu, an kasa su kashi huɗu, gaɓa takwas-takwas. Kashi na farko shi ne yake kawo karin, na biyu ya maimaita shi da wasu kalmomi, na uku ya kauce zuwa wani kari dabam wanda makaɗa suke kira gada, sannan na huɗu ya komo gida. Ka ɗora hannu a gwiwa, ka riƙa buga yatsa kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, kana lanƙwasa yatsa guda na ɗaya hannun duk lokacin da ka cika huɗu. Idan ka ƙirga gaɓa 16, ka kasa kunne, za ka ji waƙar ta sauya hanya, to ka iso gada. Za ka ɓata a karo na farko da na biyu, musamman da yake Porter yakan tsawaita wasu waƙoƙinsa su wuce wannan awo, amma da zarar kunne ya saba, ba sai ka ƙirga ba. Ka kuma lura da ɗan share fagen da yake zuwa kafin ainihin waƙar, wanda ake rera shi a hankali kamar ana zance. Mawaƙa da yawa sukan tsallake shi, ita kuwa Ella ta dawo da shi a waƙoƙi da dama, kuma ƙirgar ba ta farawa sai bayan ya ƙare.

Idan ginin ya zauna maka, sai ka nemo kalmomin waƙar a rubuce ka bi su da ido, kana lura da inda take jan numfashi da kalmar da ta zaɓa ta ja. Daga nan ka nemi wata mawaƙiyar da ta rera waƙar nan ɗaya, ka saurare su bi da bi. Billie Holiday ce ta fi dacewa da wannan gwaji, domin takan bar kiɗa ya ɗan wuce ta, ta biyo shi a baya kamar mai jan ƙafa, alhali da gangan take yi kuma ba ta ɓacewa. Ella kuwa tana tafiya daidai da bugun ganga, muryarta wasai. Kundin da Holiday ta yi a 1958 tare da makaɗan Ray Ellis, shekara guda kafin rasuwarta, muryarta ta riga ta dushe a cikinsa, kuma ba na ba sabon mai sauraro shawarar ya fara da shi, ko da yake akwai masu fifita shi a kan duk abin da ta yi.

Akwai kuma salon da mawaƙi yake ajiye kalmomi ya riƙa rera sautuka marasa ma'ana, yana mai da muryarsa tamkar ƙaho. Ella ta yi fice a wannan, sai dai ta taƙaita shi a yawancin kundayen nan takwas. Mai son jin sa ya nufi kundinta na 1957 na waƙoƙin Duke Ellington, wanda shi Ellington da makaɗansa suka yi mata kiɗa a wani ɓangarensa. A nan ƙirgar da ka koya za ta yi maka rana, domin duk nisan da muryar ta yi, makaɗa suna nan suna zagaya gaɓoɓin waƙar a ƙarƙashinta.

Ka guji lasifikar waya, domin tana haɗiye sautin babbar gogen nan mai kaurin murya da ake kaɗawa da yatsu, wadda ita ce take riƙe da tafiyar kiɗan. Ka sa abin sauraro na kunne, ka bi waƙoƙin yadda aka jera su, ka kuma tsaya bayan kimanin minti 20 zuwa 30, wanda shi ne tsawon fuska ɗaya ta faifan da aka fara buga su a kai.