Yadda Mai Nakasa Zai Nemi Sauƙi a Teburin Poka

Mai nakasa da ya buƙaci a gyara masa wurin zama ko a bar shi da mataimaki a teburin poka, wato wasan karta na caca, haƙƙinsa yake nema. A Amurka, dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990 ta wajabta wa wuraren kasuwanci da jama'a ke shiga, ciki har da gidajen caca, su yi gyaran da ya dace, haka ma dokar daidaito ta 2010 a Birtaniya. Sai dai ma'aikata ba za su san buƙatarka ba sai ka faɗa.

Tun kafin ranar wasa, ka nemi shugaban ɗakin poka da kansa, ka bayyana masa abin da kake so dalla-dalla, kuma ka roƙi amsa a rubuce. Idan da keken guragu kake, ka auna tsayin hannun kekenka, domin gefen teburin poka yana da kauri, kuma ba kowane tebur ne keke ke shiga ƙarƙashinsa ba. Ka nemi wuri kusa da hanya. A gasa, inda ake raba wuraren zama ta hanyar ƙuri'a, ake kuma tashin 'yan wasa daga tebur zuwa tebur, ya kamata a yi yarjejeniya tun farko kan yadda za a riƙa matsar da kai.

Batun makaho ne ya fi buƙatar natsuwa. A 2007, Hal Lubarsky, wanda ya rasa ganinsa, ya shiga babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas tare da mataimaki da ke raɗa masa kartarsa a kunne, kuma ya kai matakin da ake samun kuɗi. Wannan tsari yana tafiya ne bisa sharaɗi guda mai tsauri: mutum ɗaya ne ke yanke shawara a kan kartarsa. Mataimaki ya ɗaga gefen karta, ya faɗi abin da ya gani, ya ƙirga tsabar wasa, wato 'yan faya-fayen da ke tsayawa a matsayin kuɗi, sannan ya yi shiru. Bai kamata ya ba da shawara ba, ko da da motsin fuska ne, kuma a ganina wanda ya iya kame fuskarsa ya fi ƙwararren ɗan wasa dacewa da wannan aiki. Ka kuma roƙi mai raba karta ya riƙa ambatar kartocin da ake buɗewa a tsakiyar tebur domin kowa da adadin da kowa ya zuba. Mai raunin gani kuwa sau da yawa wurin da ke fuskantar mai rabawa ya ishe shi.

Wanda hannunsa ke rawa ko ba ya motsi yana da mafita a cikin dokar wasan kanta, domin abin da ɗan wasa ya furta da baki idan layi ya zo kansa shi ne abin da za a ɗauka. Ka faɗi adadin sau ɗaya, a fili, kafin a taɓa tsaba. Kurma kuma ya daidaita da mai rabawa kan alamun hannu kafin a fara.

Idan aka ƙi, ka nemi dalili daga shugaban ɗaki, ka rubuta rana da lokaci, sannan ka kai ƙorafi ga hukumar gidan. A Amurka, Ma'aikatar Shari'a tana karɓar irin wannan ƙorafi ta intanet.