Darasi na 7: Yadda Ake Tatsar Man Zaitun

Man zaitun da kuke gani a shagunan Taminus da sauran kantunan Jos, daga ƙasashen waje ake kawo shi. Itacen zaitun ya fi yi a ƙasashen bakin Bahar Rum. Sifaniya ce kan gaba wajen samar da man, sai irin su Italiya, Girka, Turkiyya da Tunisiya.

Ana girbin 'ya'yan daga wajen watan Oktoba zuwa Janairu. A shimfiɗa raga a gindin itace, a kakkaɓo su, a garzaya da su wurin inji. Ba a jinkiri, domin in suka jima a jibge sai su fara ruɓewa, man ya yi tsami.

A can za a fitar da ganye, a wanke su, a markaɗe har da ƙwallon ciki. Daga nan sai a yi ta juya markaɗen a hankali, kamar rabin awa, har mai ya fara tasowa. Duk macen da ta taɓa matsar man gyaɗa ta san wannan juyin. Amma ita gyaɗa sai an soya ta, shi kuwa zaitun ɗanye ake tatsarsa. Masu son mai na ƙwarai ba sa barin zafin markaɗen ya kai digiri 27, don kada ƙamshi ya gudu. Sannan inji mai juyawa da sauri ya ware mai daban, ruwa daban, tuƙa daban. Wajen kilo 5 na zaitun ne ke ba da lita 1. Kun ga dalilin tsadarsa.

To, a nan karatunku zai yi muku rana. Ku duba jikin kwalba kafin ku biya kuɗi. In an rubuta Extra Virgin, man da aka tatsa kai tsaye ne, ba sinadari. In kuka ga Pomace, daga tuƙar nan aka sake ciro shi da sinadari. Ana girki da shi, amma bai kamata a sayar muku da shi a kuɗin na farkon ba.

A gida, ku rufe kwalbar da kyau, ku ajiye ta nesa da murhu da hasken rana. Idan sanyin hunturun Jos ya sa man ya yi kauri ko ya yi fari-fari, bai lalace ba. Da ya ji ɗumi zai koma yadda yake.

Aiki: Ku samo kwalbar man zaitun, ko da wadda ba komai a ciki. Ku kwafo sunan ƙasar da aka yi shi da ranar da wa'adinsa zai ƙare.