Haɗa ZIF-8 da Gwada Shi Wajen Yin Kabamet Ba Tare da Fosjin Ba

Ana haɗa anilin da dimetil kabonet, wato DMC, a samu metil fenil kabamet, metanol ya fito a gefe. Wannan hanya tana kauce wa fosjin, iskar nan mai kisa. Zink asetet yana hanzarta haɗin sosai, amma yana rikiɗa ya koma zink oksayid ya mutu. Shi ya sa ake gwada katalis (sinadarin da ke hanzarta haɗi) mai ƙwari irin ZIF-8, wanda rukunin Omar Yaghi ya bayyana a 2006: zink ne ɗaure da 2-metilimidazol, ya tashi kamar saƙar zuma.

A narka giram 2.93 na zink naitret mai ruwa shida a mililita 200 na metanol. A wani kwano a narka giram 6.49 na 2-metilimidazol a mililita 200 na metanol. A zuba na biyun cikin na farko ana juyawa, ba sai an ɗora a wuta ba. Ruwan zai yi fari fat. Bayan awa ɗaya a ware garin ZIF-8 ɗin da santirifuj, injin da ke juyawa da sauri ya raba gari da ruwa, a wanke da metanol sau uku, a busar a injin zuƙe iska a digiri 120 ya kwana. In aka yi ƙyuiyar wanki, ragowar imidazol za ta toshe ramukan. A duba da XRD, gwajin da ke nuna tsarin ginin ta hasken X-ray: babban tsinin yana fitowa a wajen kusurwar digiri 7.3.

Ƙofar ramin ZIF-8 angistrom 3.4 ce kacal (angistrom ma'aunin girman ƙwayar zarra ne), anilin ba ya shiga da sauƙi, kuma zink ɗin ciki a ɗaure yake ta kusurwa huɗu. Aikin a jikin ƙwayar ta waje yake da wuraren da ginin ya yi giɓi, don haka ƙananan ƙwayoyi sun fi.

Don gwaji, a fara da giram 0.93 na anilin, giram 18 na DMC, da giram 0.1 na katalis, a otoklef, wato rufaffiyar tukunya mai jure matsi, mai mililita 50. A kore iska da naitrojin, a kai digiri 170. DMC yana tafasa tun a digiri 90, saboda haka kada a buɗe sai tukunyar ta huce sarai. Anilin kuma yana ratsa fata, a sa safar hannu.

In GC, gwajin da ke rarrabe sinadaran da suka fito, ya nuna N-metilanilin da yawa, zafi ya yi yawa. In difenil yuriya ce, galibi DMC ya yi kaɗan ko laima ta shiga. Asid ko kaɗan yana rusa ginin ZIF-8.

Yawan kabamet kaɗai ba hujja ba ne cewa garin ZIF-8 ne ya yi aikin. A tsayar da aikin a rabi, a tace garin, a mayar da ruwan wuta. In haɗin ya ci gaba, zink ne ya zube cikin ruwa yake aiki. Sai dai huce tukunya na iya mayar da zink kan garin ya ɓoye laifin, don haka a auna zink ɗin ruwan da ICP, na'urar auna ƙarafa a ruwa, a kuma sake XRD na garin da aka yi amfani da shi.