Babi na Huɗu: Yadda Za a Kare Sabon Maraƙi daga Zawo

Darasi na 1: Dakashi

Dakashi shi ne nonon farko da saniya take fitarwa bayan ta haihu, mai kauri, mai launin rawaya, mai danƙo a hannu. Maraƙi yana faɗowa duniya ne ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan, domin mahaifar saniya ba ta miƙa masa kariya tun yana ciki, kuma a cikin dakashi Allah ya ajiye masa ita. Hanjinsa yana karɓar wannan kariya sosai a cikin awa 6 na farko, daga nan karɓar tana raguwa, idan aka kai awa 24 kuwa ƙofar ta rufe.

Saboda haka, maraƙi ya sha dakashi kafin awa 2 da haihuwa. Idan saniya ta haihu da asuba, ya sha kafin hantsi. Idan ta haihu da magariba, ya sha kafin a kwanta barci, ba za a bari sai gari ya waye ba. A wanke hantsar uwar da ruwan ɗumi, a tallafe shi ya miƙe, a sa masa kan nono a baki, sannan a tsaya ana kallon maƙogwaronsa har a ga yana haɗiya. Ganin maraƙi a gindin uwarsa bai nuna cewa ya sha ba, musamman idan uwar karsana ce mai haihuwar fari, wadda takan yi ta harbi tana gocewa. Idan ya kasa tsotsa, a tatsa a cikin wankakkiyar ƙwarya a ba shi a hankali. Maraƙin bunaji mai nauyin kilo 20 yana bukatar kamar lita 2 a yinin farko, wato kwatankwacin leda huɗu ta fiya wata.

Kada wanda ya ji kunya idan bai gane ba, a sake karantawa tare: dakashi kafin awa 2. Na maimaita ne domin a ajinmu na Darazo da yawa sun amsa wannan daidai a kan allo, amma da na ziyarci wani garke na tarar da maraƙin da aka haifa da daddare an ɗaure shi a dangwali, har azahar bai sa komai a baki ba, wai ana jira nono ya yi fari. Wannan sakaci ne, kuma wanda ya halarci aji ba shi da uzuri. Masu cewa dakashi ne yake kawo zawo sun juya magana, rashinsa ne yake kawo shi. Kowa ya rubuta a littafinsa sau uku: dakashi kafin awa 2.

Darasi na 2: Wurin haihuwa da cibiya

Ƙwayoyin cutar zawo suna zaune ne a cikin kashin shanu, kuma ta baki suke shiga. A ware wa saniya busasshen wuri, a share shi, a shimfiɗa sabuwar ciyawa, a riƙa sauya wa dangwali wuri idan damina ta sauka ƙasa ta yi taɓo. A tsoma cibiya a cikin aidin, kada a shafa mata kashin shanu ko toka. Tsabta kuma ba ta maye gurbin dakashi.

Darasi na 3: Idan zawo ya kama

A raba mara lafiya da sauran maruƙa. Ƙarewar ruwan jiki ce take kisa, alamarta kuwa idanu su faɗa ciki, fatar wuya idan an tsunkula ta ƙi komawa da sauri. A ba shi ruwan gishiri da gulukos na shagon maganin dabbobi, ban da sukarin shayi, domin cikinsa ba ya narkar da shi. Kada a hana shi nono. Idan ya kasa tsayuwa ko an ga jini, a kira likitan dabbobi.

Darasi na 4: Hannu da ƙwarya

A wanke su da sabulu, domin wasu ƙwayoyin suna kama mutane, musamman yara.