Yadda ake kama kifin crappie da allon jan zare

An sha tambayata yadda masunta a tafkin Grenada na jihar Misisifi, Amurka, ke yi lokacin zafi. Ga shi:

1. Ɗaura koton roba mai nutsewa, irin Bandit 300, a bakin zare.
2. Tada injin jirgin ruwa, ka riƙe gudun mil 1.5 zuwa 2 a awa.
3. Saki zare kamar ƙafa 60.
4. Maƙala allon (ƙaramin allo mai yawo a kan ruwa da ke jan zare zuwa gefen jirgi) a jikin zaren. Hattara: na dama daban, na hagu daban. In ka musanya, zaruruwa za su harɗe.
5. Ƙara sakin zare har allon ya yi gefe.
6. Kafa sandar a mariƙinta.
7. Da allo ya ja baya, alamar kifi ya kama ke nan, naɗo zaren a hankali. Kada ka fizga, leɓen kifin nan kamar takarda yake.
8. Cire allon.
9. Kwaso kifin da raga.