Yadda Ake Ƙiyasin Kuɗin Gina Gida Tun Kafin a Haƙa Harsashi

Gidaje da yawa da ake gani sun tsaya a linta, ciyawa ta fito a cikin ɗakunan, da lissafin baki aka fara su. Wani ya ce gida mai ɗaki uku kaza zai ci, mai gida ya ga kuɗin sun zo daidai da abin da ke hannunsa, sai aka kira magina. Alhali daga zane ake fitar da kuɗin gini, kuma duk ƙiyasin da ba a ɗora shi a kan awo ba zato ne kawai.

Saboda haka kuɗin farko da za ka ware na takarda ne: awon fili, zanen gida, zanen injiniya mai nuna girman harsashi da ginshiƙai da yawan rodi, da izinin gini daga hukuma. Idan filin yana riƙe ruwa, ko cike shi aka yi, ko laka ce mai tsagewa idan ta bushe, a gwada ƙasar. Harsashi shi ne wurin da ƙiyasi ya fi saurin rushewa, domin ba ka san abin da ke ƙasa ba sai an haƙa, kuma irin wannan ƙasa tana iya tilasta zurfi da rodi fiye da yadda aka zata.

Da zane ya zo hannu, sai a ƙirga kaya. Akwai ƙwararru masu wannan sana'a, waɗanda ke fitar da jerin kaya da adadin kowanne, kuma ladansu kaɗan ne idan aka kwatanta da asarar da suke tarewa. Duk da haka ya kamata mai gida ya iya bin lissafin da kansa.

Ɗauki bulo. Mai tsawon santimita 45 da tsayin 22.5, kusan guda 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai mita 4 da mita 3.6, kewayensa mita 15.2 ne. Idan tsayin bango mita 3 ne, ka sami murabba'in mita 45.6. Cire ƙofa mai mita 0.9 da 2.1, da taga mai 1.2 da 1.2, saura kusan 42, wato bulo 420. Ƙara kashi 5 cikin 100 saboda fashewa da yanka, ya zama wajen 440. Kurakurai biyu ake yawan yi a nan: a ƙirga bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu sau biyu, ko a manta da layukan bulo da ke binne a harsashi.

Kankare kuma da kubik mita ake auna shi. A haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kubik mita ɗaya yana cin buhun siminti mai kilo 50 guda 6 zuwa 6 da rabi, yashi kusan kubik 0.45, tsakuwa kusan 0.9. Daɓen ƙasa mai mita 10 da 12, kaurin santimita 15, kubik 18 ke nan, wajen buhu 117. Ka lura da kaurin nan sosai. Idan ba a daidaita cikon ƙasa ba, kauri ya ƙaru da santimita 2 kacal, kubik 2.4 sun ƙaru, buhu 15 ko 16 sun tafi ba tare da kowa ya saci komai ba.

Rodi yakan zo da tsawon mita 12. Mai kaurin milimita 12 yana da nauyin kilo 0.89 a kowace mita, don haka tan ɗaya guda 94 ne ko kusa da haka. Mai milimita 16 kuwa kusan 53. Sanin wannan yana ba ka damar ƙirga abin da aka sauke maka. A saka ƙari saboda haɗi, inda rodi ke hawa kan rodi da tsawon da ya kai ninki 40 zuwa 50 na kaurinsa, da wayar ɗauri, da katakon da za a zuba kankare a ciki. Rufi ma ya fi faɗin ƙasan gida: gangara mai digiri 30 tana ƙara kusan kashi 15 cikin 100, ban da bakin da ke fitowa waje da inda kwano ke hawa kan kwano.

Inda ido ke yaudarar mai gida shi ne bayan an ɗora rufi. Gida ya tsaya, sai ya ga kamar an gama. Amma ga yaɓe ciki da waje, wayarin, bututun ruwa, silin, ƙofofi, tagogi, tayil, kayan banɗaki da na kicin, da fenti. A nan farashi ya fi bambanta, domin bulo bulo ne, amma tayil biyu masu girma ɗaya ɗayan yana iya ninka ɗayan a kuɗi. Ka zaɓi irin kayan tun yanzu, ka rubuta sunansu da girmansu a ƙiyasi. Rubuta "tayil" kawai bai wadatar ba. Tayil mai santimita 60 da 60, kusan guda 3 ke rufe murabba'in mita, da ƙarin kashi 10 saboda yanka. Sai kuma abubuwan da ba sa cikin zanen ɗakuna: katanga da get, sokawe, magudanar ruwa, jawo wuta da ruwa, ruwan aikin kansa, dakon kaya, mai gadi, da kwashe ɓaraguzai.

Farashi kuwa ka nemo shi a rubuce daga wurare uku, da kwanan wata, har da kuɗin kawowa. Haka ma ladan aiki: a rubuta abin da magini ko kafinta zai yi, da abin da ba ya ciki. Wanda ya fi kowa araha da tazara mai yawa, ka tambaye shi abin da ya bari, domin galibi akwai shi.

A kan jimlar, ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ko-ta-kwana, kuma ka ƙara idan aikin zai daɗe, saboda farashi ba ya jiran kowa. Wannan kuɗi na abin da ba a zata ba ne, kamar dutse a harsashi. Abin da ya fi cinye shi shi ne canza ra'ayi ana cikin aiki. Matsar da banɗaki a takarda gogewa ce da sake zane. Bayan an binne bututu kuwa, sai an fasa daɓe, a sayi sabon kaya, a biya lada sau biyu.

Raba ƙiyasin mataki-mataki: harsashi zuwa daɓe, bango zuwa linta, rufi, sannan aikin ciki. Kada ka fara mataki sai kuɗinsa sun cika, musamman zuba kankare, wanda ba a so a katse shi a tsakiya. Idan dole ne a dakata, a dakata bayan daɓe ko bayan rufi, domin bangon da aka bari a buɗe da rodin da ke leƙe suna lalacewa da ruwan sama. Bulo da rodi za a iya tara su tun da wuri idan akwai wurin ajiya mai tsaro. Siminti kuwa yana shan danshi, ƙarfinsa yana raguwa idan ya yi wata uku a ajiye, don haka a saye shi dab da aiki, a ɗora shi kan katako nesa da bango.

Biyan ma'aikata ya bi aikin da aka gama aka duba. Ka riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila har sai an ga rufi ba ya yoyo, bututu ba ya ɗiga. Kowane mako ka rubuta abin da aka kashe a gefen abin da aka ƙiyasta. Idan siminti ya zarce lissafi tun ana harsashi, a tsaya a gano dalili kafin a ɗora bulo na gaba.